Fatar Kada Mai Ƙafa Uku

Shekarun baya da dama, ina aji ɗaya a jami'a, na taɓa zama likitar gidanmu ba tare da kowa ya ba ni takarda ba. Ilimin halittu nake karantawa, ko sirinji ban taɓa riƙewa ba. Amma tun ranar da na dawo gida da farar rigar shiga labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a kafaɗa, mutanen layinmu a unguwar Sabangali suka laƙaba mini doktora. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, ban taɓa cewa a'a ba. Har tafiyata sai da ta canza.

Mahaifina fataucin fatu yake yi, sana'ar da ya gada tun daga kakansa da ya zo garin nan da daɗewa. Da na yi wayo, fatun awaki da na tumaki da ƙiragan shanu kawai yake saye, don an riga an hana cinikin fatar kada. Guda ɗaya ce ta rage masa tun ta da, a nannaɗe a saman durowar ɗakinsa. Ba ta sayu ba saboda kadan ƙafa uku gare shi. Ta huɗun ta guntule tun yana raye, wurin ya warke ya shafe sumul. Mai saye ya duba ya ce aibi ce, ya mayar da ita. Baba ya ce shi kuwa aibin ne ya fi so a jikinta.

Baba ba da ido yake duba fata ba. Rufe idon yake yi, ya bi ta da babban yatsa daga wuya har wutsiya. Duk inda yatsan ya tsaya, to akwai tabo, kuma zai gaya maka dalilinsa: wannan ƙaya ce, wannan wuƙar mai fiɗa ce, wannan kuwa miki ne da ya yi ruwa kafin ya warke. Sai ka ji ya ce, "Akuyar nan ta sha wuya a duniya," kamar wata tsohuwar maƙwabciyarsa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Kuma tun ina ƙarama akwai tambaya ɗaya da yake yi mini duk ranar da ya sauko da fatar kadan nan ya shanya ta a tsakar gida.

"Uwata, dubi nan. Dabbar nan a taɓo take kwana, mushe take ci. Ɗan'uwanta ya cizge mata ƙafa a cikin ruwan da ko wanki ba za ki yi da shi ba. Ba daktor, ba allura. Me ya hana ta ruɓewa? Mu kuwa ƙusa ta ɗan karce mu sai kumburi."

Ina yarinya nakan ce ikon Allah ne, shi kuma ya ce, "Ikon Allah ne mana, amma ta wace hanya?" Da na shiga jami'a sai ya ce yawwa, yanzu ya samu ɗan aike, in je in tambayo masa malamanmu. Amsar da na ba shi har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Cewa na yi, "Baba, mu fa abin da muke karantawa ya wuce nan." Ya yi dariya ya ce to madalla, in mun dawo daga can ɗin in biyo masa ta nan.

Da daminar shekarar ya taka ƙusa a sito, inda ake zuba wa fatu gishiri. Yana da ciwon suga, ƙafafunsa sun rage ji, don haka bai ma san ya taka ba. Mahaifiyata, da muke kira Inna, ita ce ta ga jini a cikin takalminsa. Nan da nan aka ce a kira doktora.

Na yi abin da kowa yake yi a unguwa. Akwai wani kafson antibiyotik, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ja da yalo, da masu tebur suke shigowa da shi ta gadar Ngueli da take kan iyaka, kusan kowane gida akwai shi a cikin gwangwani. Buɗe shi ake yi a barbaɗa garin a kan ciwo, a haɗiyi biyu yau, ɗaya gobe, in kumburi ya sauka a bari. Baba kuwa shekara da shekaru yana shan sa, mura shi, gajiya shi, ciwon ciki shi. Abin da na ƙara a kan na kowa shi ne safar hannu ta roba, don a san aikin masu ilimi ne. Sati uku ina barbaɗe ina ɗaurewa, ina ce wa Inna ana samun sauƙi.

Shi ne ya fara gane gaskiya, da hancinsa. Wata safiya ina kwance bandejin ya ce, "Uwata, warin nan na san shi. Warin fatar da gishiri bai kama ba ne. Mu tafi labtan." Haka muke ce wa asibiti a nan.

Likitan ya ɗebi mugunya ya aika labo. Da na je karɓar sakamako, matar da take aiki a wurin ta ga farar rigata, sai ta kira ni ciki ta nuna mini. Wani ɗan faranti ne da aka shuka ƙwayoyin cutar ƙafar Baba a kai, aka jera ƙananan takardu masu da'ira, kowacce da maganinta. Ta ce in magani yana aiki, za a ga fili wayam kewaye da takardarsa, ƙwayoyin sun kasa matsowa. Na duba. Ƙwayoyin sun haye kusan dukkan takardun, har wadda take ɗauke da irin maganin da nake barbaɗawa. Ɗaya ce kawai take da ɗan siririn fili.

Likitan ya tambaya me aka yi masa a gida. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, da alfaharinta, "Ai doktorarmu ce take kula da shi." Ya dube ni, ya dubi rigar, ya mayar da idonsa kan takardar sakamakon. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ya faɗa shi ne suga ya toshe hanyoyin jinin ƙafar, ƙwayoyin kuma sun saba da magani saboda shan sa da ake yi rabi da rabi. Za a gwada allurar ɗayan nan da ya rage. In baƙin da ƙafar ta fara yi ya haura idon sawu, dole a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba cutar ta shiga jini.

Baba ya ce, "Daktor, da ƙafa biyu na zo duniya, da biyu zan koma. Kalas, magana ta ƙare." Ya ƙi kwanciya a asibitin ma. Kullum da safe mukan kai shi a yi allura a wanke ciwon, mu dawo da shi gida.

Kunya ce ta kore ni na koma karatu na gaskiya. Wata rana bayan na fito daga fakilte, wato tsangayarmu ta jami'a, na shiga wani shagon intanet, na zauna na rasa abin da zan nema. Sai kawai na rubuta tambayar Baba da Faransanci, yadda yake yin ta: me ya sa raunin kada ba ya ruɓewa? Ina rubutawa ina yi wa kaina dariya. Ashe tambayar da na ce karatunmu ya wuce ta, manyan masu bincike sun daɗe suna bin ta.

Abin da na karanta shi ne, akwai wasu 'yan gajerun sunadarai da ake ce wa peptid, waɗanda jikin mai rai yake ƙerawa da kansa don kashe ƙwayoyin cuta. Ba sa jiran jiki ya taɓa haɗuwa da cutar ya koyi saninta, da su ake haihuwar halitta. Yadda suke aiki ma ya bambanta da yawancin magungunanmu. Manne wa fatar ƙwayar cutar suke yi su huda ta, abin da yake ciki ya tsiyaye, ta mutu. Shi ya sa ƙwayoyin suke shan wahalar sabawa da su, ko da yake ba a ce ba sa iyawa sam ba. An same su a jinin kada, an same su a fatar kwaɗi, a jikin ƙwari, har a tsirrai. Mu ma muna da namu, a fata, a miyau, a gumi, a cikin hanji. Kuma ana fatan wata rana a mayar da su magani, don irin ciwon da ya ƙi jin magani.

Nan na tsaya. Ban ƙarasa shafin ba. Na tari klando, wato acaɓa, na ce wa mai babur ya yi sauri.

Na tarar da Baba a kan tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, ƙafar a kan matashi. Tare da shi akwai wani abokinsa, Bakano mai sayar da yadi da bai fi 'yan shekaru da zuwa garin ba, amma sun shaƙu kamar tare suka tashi. Suna shan shayi. Ko sallama ban gama ba na ce, "Baba, na tambayo maka!"

Na zauna na kwashe duka na gaya masa. Da na zo wurin hudawar nan sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Fatar ƙwayar suke ɓatawa?" Na ce eh. Ya buga cinya ya ce, "Ai kuwa sun san aiki! Duk abin da aka huda wa fata ya gama daraja." Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba, alhali zazzaɓi yana jikinsa. Ya ce wa Inna ta fito ta ji, shekara nawa tana ce masa ya cika surutun kada. Ya sa na maimaita sunan peptid sau uku, yana gwadawa yana ɓatawa.

Washegari na koma na karanta sauran shafin, kuma a can ne labarin ya daina daɗi. Na yi shiru da shi, don ban ga amfanin rage masa farin ciki ba. A wannan tsakanin baƙin ƙafar yana hawa, kullum likitan yana zana iyakarsa da biro, kullum yana tsallake zanen.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, abokin Baba ya shigo jiƙe da gumi, takalminsa duk taɓo. Ya zaro wata kwalba daga aljihun babbar riga, an naɗe ta da tsumma. Ya ce tun safe ya tsallaka kogi zuwa garin Kousseri, daga can aka yi ta turawa da shi daga wannan masunci zuwa wancan, har ya samu wanda ya ba shi.

"Alhaji, ga shi. Jinin kada ne, na yau. Tun da yarinyar nan ta ce maganin yana cikinsa, me za mu tsaya jira? A wanke ƙafar da shi, a ɗan sha kaɗan. Wallahi ba zan zauna ina kallo a yanka ka ba."

Inna ta riga ta ɗauko kwano da auduga. Idonta ya cika da hawaye, amma na farin ciki. Ni kuwa na san bakina ne ya jawo kwalbar nan cikin gidanmu. Baba bai karɓa ba. Ni ya duba.

"Uwata, ke kika kawo maganar. Me kika ce?"

Da na so, da na yi shiru. Kowa a tsakar gidan nan so yake in ce eh, har da ni kaina. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ban gaya maka duka ba. Abin da yake cikin jinin ɗan mitsitsi ne, sai an tace shi an ware shi daga sauran, an auna. Ɗanyen jini kuwa wasu ƙwayoyin cutar zai ƙara maka a kan waɗanda kake fama da su. Ko wanda aka tace ma, har yanzu gwaji ake yi. In ya shiga jikin mutum, jikin yakan narkar da shi kafin ya yi aiki. In an ƙara yawansa, yana iya huda ƙwayoyin jikinmu tare da na cutar. Ga tsadar haɗa shi. Na kada bai zama magani ba tukuna."

Abokin nasa ya ce, "Haba 'yata, to ai gwadawa za mu yi mu ma."

Na ce, "Alhaji, na riga na gwada a ƙafar nan sati uku. Ni na kai ta inda take." Sai kuka ya ƙwace mini. Cikin kukan na ce, "Baba, ni ba doktora ba ce. Abin da likita ya ce shi ne gaskiya. Ka bari a yanke, mu dai ka zauna da mu."

Baba ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce wa Inna ta sauko masa da fatar nan. Ta kawo, ya shimfiɗa ta a kan cinyarsa, ya rufe ido. Muna kallon yatsansa yana tafiya daga wuya, a hankali, har ya isa dungun ƙafar nan ya tsaya. Ya shafa wurin ya sake shafawa.

"Shekara da shekaru ina tambayar me ya hana shi ruɓewa," in ji shi. "Ban taɓa lura da cewa shi ma ƙafar ba ta dawo ba. Da uku ya ci gaba da harkarsa, har ya yi wannan girman." Ya buɗe ido ya dubi abokinsa. "Alhaji, Allah Ya saka da alheri, ka yi abin da ɗan'uwa yake yi. Gobe ka zo da wuri ka raka ni labtan."

Aka yanke. Ya sha jinya, amma dungun ya warke, kuma shi da kansa ya bi shi da yatsa ya ce ɗinkin daktor ba laifi, da fata ce da ya saya. Sai bayan wata biyu, yana koyon tafiya da sanda, ya kira ni gefe ya rage murya.

"Uwata, kwalbar nan ta Alhaji. Kada ki gaya masa. Tun da ya cire tsumman na ji warin, jinin akuya ne."

Na ce, "Baba! To me ya sa ka tambaye ni?"

Ya ce, "So nake in ji ko na samu doktora ko ban samu ba."

Ya ƙara shekara shida tare da mu. Sito ma bai bari ba, a kan kujera yake zama a miƙo masa fatu ɗaya bayan ɗaya. Gwangwanin kafso kuwa shi ya sa aka zubar, kuma duk baƙon da ya ce masa zai sha ja da yalo sai ya ɗage wando ya nuna masa. Ni na canza layin karatu, na koma fannin ƙwayoyin cuta. Bayan na yi aure na koma unguwar Boutalbagar, duk Juma'a nakan zo gida, kuma kafin in ajiye jaka zai ce, "Uwata, maganin kada ya fito?" In ce, "Tukuna, Baba." Ya ce, "To ku yi sauri, akwai masu ƙafa biyu da suke jira." Sannan in zauna in ba shi labarin duk sabon abin da na karanta a satin, cewa ana gwada haɗa irin peptid ɗin nan a labo ba sai an taɓa dabba ba, ana gwada su a man shafawa na ciwo, ana neman hanyar da jiki ba zai narkar da su da wuri ba. Yakan saurara ido a rufe, kamar yana duba fata.

Ba ƙafar ce ta ɗauke shi ba, zuciya ce, wata safiya bayan ya karya. Juma'ar da ta gabaci ranar ya yi mini tambayar, na ba shi amsar da na saba.

Yanzu ni ce nake zaune a irin kujerar matar nan da ta nuna mini farantin farko. Kusan kullum sai na ɗaga wani faranti na ga ƙwayoyi sun haye takardu, in san a bayansa akwai ƙafar uban wani ko jaririn wata. In 'yan uwan mara lafiya sun zo karɓar sakamako ina tambayarsu me aka sha a gida, ba na yi musu faɗa, don na san yadda safar hannun nan take. Ina dai roƙonsu, ku ma ina roƙonku, kada a sha antibiyotik sai likita ya rubuta, in ya rubuta kuma a sha yadda ya ce. Abin da na koya bai wuce haka ba, sai kuma ɗaya: tambayar da na raina ita ce ta fi duk abin da na haddace a shekarar nan.

Amma gaskiya ba darasi ne ya sa na yi rubutun nan ba. Kewarsa nake yi. Da aka zo rabon kayansa, fatar nan kawai na roƙa, 'yan uwana har suna mini dariya. Tana saman durowata. Wani lokaci in na karanta wani sabon ci gaba sai in ji zumuɗi ya taso mini, in fara shirya yadda zan faɗe shi da Hausa yadda zai gane, har in zaɓi wurin da na san zai buga cinya. Sai can in tuna. Irin wannan ranar nakan sauko da fatar, in rufe ido in bi ta da yatsa. Ban iya ba, tabo da yawa suna wuce ni, amma dungun nan ba na ɓata shi.

Ina sa rai maganin zai fito, ko a zamanina ko a na 'ya'yana. Na san ranar mutane da yawa za su yi murna. Ni dai na san Juma'ar da za ta biyo baya zan hau klando in tafi Sabangali, in shiga tsakar gidan nan da amsar da aka shekara shida ana tambayata, in tarar da darbejiya da tabarma.